Fim ɗin da Bai Sa Mai Walda Dariya Ba

Kawuna mai aski ne, ko kuwa in ce mai aski ne har zuwa watan jiya. Ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na zauna duk tsawon karatuna na jami'a, kuma tun ina ƙarami babu wanda ya taɓa sa min reza a kai sai shi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujerun aski biyu ne a ciki, ɗaya tasa, ɗaya ta Dogo, abokin aikinsa da suka daɗe tare. Akwai benci na masu jira, da babban madubi da ya cinye bango guda, a samansa kuma an kafe talabijin. Kana shiga, ƙanshin hoda da warin sifirit ne za su fara yi maka sannu da zuwa.

A unguwar babu mai kiransa da sunansa. Alƙali ake ce masa, ba don ya taɓa taka kotu ba, sai don shi ke yanke wa fim hukunci. Abin mamakin shi ne Kawu bai taɓa zama ya kalli fim da idonsa daga farko har ƙarshe ba. Idonsa kullum yana kan aikinsa. Hannun dama na riƙe da kilifa ko reza, na hagu na dafe da kan mutum, to da na hagun nan yake kallo. Yakan ce mutum zai iya yabon fim da baki don kada a ce bai gane ba, amma wuyansa ba zai taya shi ƙaryar ba.

Idan fim ɗin faɗa ya yi kyau, in ji shi, za ka ji kan mutum yana ɗan kaucewa duk sanda aka kai naushi, kamar shi ake nema. Na ban tsoro kuwa sandarar da wuya yake yi, mutum ya miƙe ƙiƙam, ko yawu zai haɗiya sai ya yi shawara. Irin wannan Kawu ya fi so lokacin gyaran fuska, don ba sai ya roƙi kowa ya tsaya cak ba. Na barkwanci ne abokin gabarsa. Ba wai ba ya son dariya ba ne, shi ma in ta kama shi har hawaye yake yi. Amma dariya daga ciki take tasowa, ta girgiza kafaɗa, ta fizgi haɓa ba sallama. Saboda haka akwai doka a shagon. Da zarar ya warware sabuwar reza daga takardarta, in na barkwanci ne a kunne, zai ce, "Dogo, ɗaure shi." Dogo ya danna rimot, hoto ya tsaya, 'yan benci su yi ta gunaguni har a gama.

Hukuncinsa bai da tsawo. Fim mai kyau, "ya riƙe wuya." Mai dama-dama, "ya saki wuya." Wanda ya fi ƙarfin haƙuri kuma "asarar wuta" ne. Mutane kan leƙo daga titi ba don aski ba, sai don su tambaya ko sabon da ya fito ya riƙe wuya, kafin su ɓata datarsu a kansa. Amma duk wannan wasa ne a wajensa. Abin da yake alfahari da shi a duniya ɗaya ne: tun da ya fara sana'ar nan hannunsa bai taɓa fitar wa kowa jini ba, in ban da ƙurjin da ya fashe don kansa. A kan wannan sunan yake ci, a kansa ya aurar da 'ya'yansa mata, a kansa ni ma na yi karatu.

Da na gama jami'a aiki bai samu ba. Na aika takardu inda na sani da inda ban sani ba, shiru. Zaman gida ya fara taɓa min kai, sai na koma yini a shago, Kawu kuma ya ba ni muƙami: ni ke sauko da sababbin finafinai a filash in kawo. Mai Digiri yake kirana. Kafin in kawo fim sai na karanta abin da aka rubuta a kansa a intanet, shi ya sa kusan kullum sai mun yi musu. Na tuna wani na faɗa da ya fito a farkon shekarar nan, wanda akta direban babbar mota ne, aka sace masa kaya, ya bi ɓarayin har tashar jirgin ruwa.

"Kawu, wannan fa duk duniya yabonsa ake yi," na ce. "Masana sun cika shi da taurari."

"Masanan nan naka, sun taɓa dafa kan wani?" Bai ko ɗago ba. "Tun da aka fasa motar farko wuyan mutane ya saki. Bos ɗin ɓarayin ma kamar yunwa yake ji. Ga shi nan, wannan har gyangyaɗi ya fara min a hannu."

Mutumin da ke kan kujera ya zabura. "Sharri ne, Alƙali! Wallahi idona biyu."

"Idonka biyu, wuyanka ɗaya, shi kuwa ya daɗe da yin barci."

Ba kullum yake da gaskiya ba. Akwai wani na ban tsoro, na wani mai gadi da yake ganin kansa a kyamarar tsaro yana shigowa ta ƙofar da yake gadi. Kowa a benci hamma yake yi, amma Kawu ya rantse bai taɓa jin fim ya riƙe wuya irinsa ba. Sai daga baya aka gano wanda ke kan kujera a ranar, wato wani da ake kira Mai Walda, muguwar kwanciya ya yi, wuyansa a ƙage yake tun safe. An daɗe ana tsokanar Kawu da wannan, shi kuma ya ƙi janye hukuncin.

Mai Walda amininsa ne tun suna samari. Wajen aikinsa na tsallaken titi, kuma duk mako sai ya zo gyaran fuska, da baƙin tabarau a goshi da ƙaurin ƙarfe a riga. Ƙato ne, in yana dariya kamar an tayar da tsohon janareto. Ba sa gaisawa sai da zagi.

"Mai ƙona ido, ka zo ka cika min shago da tsatsa?"

"Yi aikinka, mai shara a kan mutane. Ni abin da na liƙa ba ya sake fitowa bayan kwana biyu."

A wajen shan shayi na fara lura. Wata safiya Kawu ya ɗauki kofi, na ji cokali yana kaɗawa a ciki shi kaɗai. Ya yi maza ya mayar da kofin hannun hagu, ya tura na dama a aljihu. Na ɗauka gajiya ce. Bayan nan na ga ya fara jingina tsintsiyar hannunsa a kafaɗar mutum in zai ja layin gaban goshi, abin da a da yake yi wa Dogo faɗa a kai, yana cewa aikin ragwaye ne. Idan kilifa ce babu mai ganewa, don ita kanta rawa take yi. Matsalar reza ce.

Sai kuma wata rana ya soke dokarsa da kansa. Ya warware reza, na barkwanci na kunne, Dogo ya kai hannu ga rimot, Kawu ya ce, "Bar shi ya yi. Mutane sun gaji da ganin hoto a sandare kamar gawa." 'Yan benci har tafi suka yi. Daga ranar ya riƙa ce min, "Mai Digiri, na dariya za ka ƙaro. Duk wanda ya fito, kawo shi." Ba a jima ba aka fara samun ɗan ƙwarzane, yau a bayan kunne, gobe a gefen saje. Ɗigon jini ne kawai, a goga sifirit ya wuce. Kowane lokaci kuma Kawu zai ja da baya ya ɗaga hannu.

"Ka ga abin da ka jawo ko? Mutum da girmansa ya kasa riƙe dariya!"

Wanda aka yanka shi zai ba da haƙuri, a yi dariya, a ci gaba.

Dogo ne ya ja ni bayan shago wata azahar, inda muke shanya tawul. Ya ce, "Ka gane abin da Oga yake yi? Ba son barkwancin yake ba. Mafaka ya samu." Na ce na gane. Ya ce shi ba zai iya yi masa magana ba, a hannunsa ya koyi riƙon almakashi, amma ni ɗa ne. Da muka tashi da yamma muna tafiya gida, na tattaro ƙarfin halina na ce, "Kawu, da mun je asibiti an duba hannun nan."

Ya tsaya cak a gefen titi. "Wane hannu?"

"Na dama."

"Likitanci ka karanta ban sani ba?" Ya rage murya duk da babu kowa kusa. "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Ranar da aka ji a unguwar nan cewa hannun Alƙali na rawa, wa zai sake miƙa min wuyansa? Kai za ka miƙa? Sanyi ne ya shige ni, zai fita. Kada in sake ji."

Na kai maganar wajen Anti, matarsa. Tana ninke kaya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ta riga ni sani, don yanzu ita ke ɓalla masa maɓallin riga da safe. Ta yi magana, ta yi kuka, ta sa mahaifiyata ta kira shi a waya, duk ya ce sanyi ne. Ta ce, "Kawunka ba ciwon yake tsoro ba. Zama yake tsoro."

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce, rana ta ɗan yi sanyi. Na kawo wani sabon na barkwanci, na wani ango da ya ɓatar da motar surukinsa yana ta ƙarya a kan ƙarya. A intanet ma ba a yabe shi ba, amma shi kaɗai ne sabo. Mutum uku ne a benci, biyu na danna waya. Mai Walda na kan kujera, an gama masa gefe ɗaya na gemu, Kawu ya ɗaga masa haɓa zai bi ƙasan muƙamuƙi. Ina zaune daf da su, ina ganin komai ta madubi. Na ga hannun ya fizga, sau ɗaya, kamar an taɓa shi da wayar wuta.

Da farko babu abin da ya fito, sai wani farin layi. Sannan jini ya ɓalle. Na sha ganin jini a finafinan ban tsoro, har nakan ce wa Kawu wannan fenti ne, wancan ya fi kama da gaske. Babu wanda ya yi kama. Na gaske ɗumi gare shi, kuma ba ya tsayawa. Ya bi farin ƙyallen da aka yafa masa, ya sauka kan cinyarsa. Dogo ya yi salati. Ni ban san sanda na fizgi tawul na danne wajen ba. Mai Walda yana ta cewa, "Ba komai, ba komai," amma ina jin bugun jijiyarsa a tafin hannuna. Kawu kuwa yana tsaye da rezar a hannu, bai matsa ba, talabijin na can sama ango yana ta zuba ƙarya.

Mai fenti ne ya kai mu asibiti a motarsa. Har muka isa ban ɗaga hannuna daga wuyan ba, sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare min yatsu. Aka yi ɗinki. Likitan ya ce an yi sa'a, da rezar ta ƙara gusawa kaɗan da wani zancen ake yi. Na fita waje na yi amai a bakin kwata. Har yau wani lokacin ina zaune lafiya sai in ji bugun nan ya dawo min a tafin hannu. Dogo ya ce zai wuce. Ina jira.

Washegari Kawu ya fito shago kamar kullum, amma bai taɓa kayan aiki ba. Ya zauna a ƙarshen benci ya ce kansa ke ciwo, Dogo ya riƙa yin aikin mutum biyu. Labari ya riga ya zaga unguwa, sai dai ba yadda muka ji tsoro ba. Tun daga gadon asibiti Mai Walda ya riƙa gaya wa duk wanda ya je duba shi cewa shi ya jawo wa kansa, dariya ce ta ƙwace masa reza na wuya. Mutane suka karɓa, don kowa ya san dariyarsa. Har aka fara cewa a dawo da tsohuwar doka kawai, magana ta ƙare.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya tsallako titi, da filasta a wuya, gemunsa gefe ɗaya a gyare, ɗaya a cunkushe. Shagon a cike yake. Ya wuce kai tsaye ya faɗa kujerar Kawu, ya buga hannunta.

"Kai, mai shara! Haka ake yi? Ka bar ni ina yawo da rabin fuska, yara na bi na da dariya? Taso ka ƙarasa abin da ka fara."

Aka fashe da dariya. Ya juyo ga 'yan benci. "Ku ne shaida, laifin angon nan ne. Wajen da ya ce wa surukinsa motar ta je wanki, wallahi kasa riƙewa na yi. Dogo, ɗaure mana talabijin ɗin nan, kada a ƙarasa ni."

Na dubi Kawu. Ƙofa ce amininsa ya buɗe masa, a gaban kowa, da wuyansa. In ya tashi ya ɗauki reza ya lallaɓa ya gama gefe ɗayan nan, shi ke nan, sunansa ya tsira, kujerarsa ta tsira. Ni kaina ban san abin da nake so ya yi ba. Ya tashi a hankali, ya je bayan kujerar, ya ɗora hannun hagu a kan Mai Walda kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka.

"Fim ɗin nan asarar wuta ne," ya ce.

"To, mun ji hukunci. Ɗauko reza."

"Asarar wuta ne, na ce. Babu abin dariya a cikinsa ko ɗaya. Kanka na hannuna tun da aka fara shi, ko motsi bai yi ba. Ba ka yi dariya ba, mutumina. Kada ka ba fim ɗin abin da bai ci ba."

Mai Walda ya ce, "Kai dai ka cika gardama. Ni da wuyana..."

Kawu ya zaro hannun dama daga aljihu ya miƙa shi gaban madubi, inda kowa zai gani. Yatsun na ta karkarwa, babban yatsa na gogar na kusa da shi. Wani dattijo a benci ya sunkuyar da kai, wani kuma, wanda aka taɓa ƙwarzana a bayan kunne, ya kai hannu ya shafa wajen, ina jin bai ma san ya yi ba. Kawu ya gani. Ya ce masa, "Kai ma ba dariyarka ba ce. Ka yafe ni." Sannan ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya ce da ni, "Mai Digiri, zo ka raka ni inda ka ce."

Likita ya sa shi ya miƙa hannuwa, ya taɓa hanci, ya yi tafiya zuwa bango ya dawo. Ya ce ciwon jijiya ne, magani na rage shi amma ba ya kore shi, kuma da an zo da wuri da an fi jin daɗin riƙe shi. Game da reza, bai ma bari Kawu ya ƙarasa tambayar ba. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Kawu ya juyo gare ni. Ya ce, "Da na ajiye da kaina tun ranar da na fara jingina hannu, da yanzu in an tuna ni sai a ce bai taɓa yanka kowa ba. Yanzu kuwa ni ne wanda ya kusa yanka amininsa." Na ce mutane ba za su faɗi haka ba. Ya ce ko ba su faɗa ba, shi ya sani.

Shagon na hannun Dogo yanzu, ya ɗauko wani ya ba shi kujera ta biyu. Wasu sun ci gaba da zuwa, wasu sun koma wani wajen. Akwai waɗanda suka ji haushi da suka gane an bar su suna ba da haƙuri a kan laifin da ba nasu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kawu yana gida. Yana shan maganinsa, yana zama a tsakar gida kusa da igiyar shanya, wani lokacin ya taya Anti tsince wake da hannun hagu, ta bar shi duk da ya fi ɓatawa.

Shekaranjiya da hantsi Mai Walda ya zo. An cire ɗinkin, tabon ya yi ja, gemun kuwa ya zama abin tausayi, don tun ranar bai bari kowa ya taɓa shi ba. Anti ta kawo masa kujera. Suka zauna, babu zagin da aka saba.

"Me kake jira da wannan dajin?" Kawu ya tambaye shi.

"Sauƙinka."

"Babu shi. Likita ya faɗa, ga Mai Digiri nan ka tambaye shi."

"To sai in bar shi ya kai cibiya. Ni ban san hannun kowa ba."

Kawu ya matso da kujerarsa. Ya ɗaga hannun dama zai taɓa tabon, hannun ya ƙi zama waje ɗaya, yana ta bugun gefen wuyan. Mai Walda ya kama shi ya ɗora a wajen, ya riƙe. Suka ɗan jima a haka. Anti ta shige ɗaki.

"Tashi ka je wajen Dogo," Kawu ya ce. "Yau ɗin nan. Ka ce masa in ya zo ƙasan muƙamuƙin hagu kada ya ja sama, gashin wajen a karkace yake fitowa, ya bi shi ta gefe. Kuma ya jiƙa da ruwan ɗumi tukuna, fatarka ba ta son gaggawa."

Mai Walda ya ce to. Bai tashi nan da nan ba, amma ya tashi. Na raka shi har bakin titi, na tsaya ina kallonsa ya nufi shagon.